Malam Lauwali, Bakaniken da Ke Kwantar da Mai Mota a Ƙasa

Da an idar da sallar asuba, Malam Lauwali bakanike ba ya komawa gida. Daga masallaci yake wucewa garejinsa a unguwar Jega Firchin, ya share gindin dogon-yaro, ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, ya shimfiɗa tsohon buhun albasa. Sannan ya shimfiɗa buhu na biyu kusa da na farko. Wannan na mai mota ne.

Shekara talatin da takwas ke nan yana kan wannan ƙa'ida: ba ya yanke hukunci a kan ciwon da ke ƙarƙashin mota sai mai ita ya kwanta gefensa ya gani da idonsa. Alhazai sun naɗe babbar riga sun kwanta. Ma'aikata daga Maiyama sun cire hula sun kwanta. Wasu sun yi fushi sun ja motarsu, bai bi su da ban-haƙuri ba. Maƙwabcinsa Bature mai faci yakan ce, "Garejin Lauwali kaɗai ne wurin da mai kuɗi ka kwantawa ƙasa tun bai mutu ba."

A ƙarshen watan nan zai naɗe buhunan nan, don yanar ido ta fara rufe masa gani. Ba za a kafa rumfa ba, ba za a ba shi lambar yabo ba. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi, tun yana ji da kunnensa. Mun zama mutanen fenti. Abu ya ruɓe, mu shafe shi, mu ce an gyara. Wannan dattijo bai taɓa shiga wannan ƙaryar ba, kuma ba a taɓa gwada shi kamar yadda aka gwada shi bara da motar marigayi Alhaji Tamu ba.

Alhaji Tamu manomin albasa ne a Sabiyal ta ƙasar Aliero. Yana da tsohuwar Fijo shuɗiya da ta yi masa shekara ashirin da ɗoriya. Ita ke kai taki gona, ita ke kai albasa kasuwa, ita ke kai matarsa Hajiya Delu ganin danginta a Maiyama duk bayan sallah. Ranar da ya rasu, babban ɗansa Mas'ud yana Fatakwal da lodin albasa. Kwana biyu da binnewa ya iso. A wurin zaman makoki, gaban jama'a, ya rantse sai ya tayar da motar nan ya kai mahaifiyarsa Maiyama a cikinta. Aka lulluɓe ta da tampol a bayan gida, ta sha damina uku a haka. Da ya sami hali, sai ya sa aka jawo ta Jega.

"Baba Lauwali, ni ba shawara na zo nema ba," in ji shi. "Gyara nika so. A yi walda, a cike ramukan, a maida mata fentinta."

"Na jiya. Kwanta."

"Farar shadda ce jikina, Baba."

"Alhaji ya kwanta nan da wadda ta hi ta tsada."

Bature ya yi dariya. Mas'ud ya kwanta.

Malam Lauwali ya san motar nan kamar tafin hannunsa, shi ya riƙe ta tun tana sabuwa a hannun Alhaji. Tun da aka sauke ta ya ga yadda ta zauna, gefe guda a karkace, ya san akwai matsala. Ya miƙa wa Mas'ud sukundireba, ya kama hannunsa ya kai kan shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da dukan nauyin mota.

"Danna."

Sukundireban ya shige kamar an soka shi a dafaffiyar kabewa. Tsatsa ta zubo musu a fuska. Suka matsa gaba, ya sake dannawa, ya sake shigewa.

"Takin zamani ne ya fara ci nata," Malam Lauwali ya ce a hankali. "Ku kunka ida ta. Tampol na hana ruwa shiga, amma wanda ya shiga ba ya bari nai ya hita. Kun rufe ta don ƙauna, ƙaunar ta dahe ta."

Mas'ud ya fito yana karkaɗe riga, idonsa ja. "Akwai wanda zai yi man ita cikin sati biyu."

"Akwai. Za ta yi kyau ƙwarai. Ranar da ka ɗauki Hajiya da ɗiyanka kuka faɗa ramin farko, gaba za ta rabu da baya. Ba da hannuna ba, ɗana."

"Na yi rantsuwa gaban mutane!"

"Rantsuwa tana da kaffara. Uwa ba ta da."

Mas'ud ya tafi ba sallama, ya ce jibi zai turo a ɗauke motar.

Da wani ne, da ya wanke hannunsa, ya ce ai ya faɗi gaskiya. Malam Lauwali ya zauna a kan buhunsa ya yi ta tunani. Ya gane ba ƙarfe Mas'ud ke son tayarwa ba. Kwana biyun nan da ya makara ne ke cin sa, kuma babu waldar da ke gyara wannan. Washegari ya rufe gareji, abin da bai saba ba, ya hau babur ya nufi Sabiyal.

A zaure Hajiya Delu ta same shi, Mas'ud na tsaye a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ya faɗa mata komai, bai rage ba bai ƙara ba. Ta dubi ɗanta.

"Mas'udu, yaushe ni ce maka ina son shiga motar nan? Kai ka faɗa, ni yi shiru don na ga kai ka bukata. Mai motar ma mun kai shi mun rufe, mun dangana. Ba kai ka zaɓi ranar ba. Ka bar azabtar da kanka." Ta juya. "Malam, babu abin da ya rage da rai a jikinta?"

"Injin lafiya lau yake, Hajiya."

"To a ba wanda zai amfane shi, ladan ya kai ga Alhaji."

Haka aka yi. Malam Lauwali ya san wani direba da injinsa ya buga, ya sauke na Alhaji ya ɗora masa, bai karɓi ladan aiki ba. Yau motar na jigilar mutanen ƙauye tsakanin Jega da Maiyama. Gangar jikin kuwa 'yan gwangwan suka ɗauka. Mas'ud ya yi kaffararsa, amma ya yi wata biyar in ya wuce gareji yana kau da kai. Malam Lauwali bai yi ƙorafi ba. Da Bature ya tsokane shi cewa ya kori ciniki ya sayi gaba, cewa ya yi, "Gaba da mai rai ta hi gaisuwar mutuwa."

Kai ne, Malam Lauwali, ka san cewa abin da iyaye suka bari ana gyara shi in yana gyaruwa, in kuwa ƙashin bayansa ya tafi, a sallame shi da mutunci. Kai ne ka yarda a ƙi ka da a yabe ka a kan ƙarya. Guduma mai faɗa wa ƙarfe gaskiya. Mun gode. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu sana'a, bakanike ne ko magini, tela ko mai magani, ba a ce ku iya abin da ya iya ba. An ce in kun ga ruɓa ku faɗa, ko mai abu zai daina gaishe ku. Da ƙaramar sallar da ta wuce, Hajiya Delu ta je Maiyama ta ga danginta. A motar haya ta je, ɗanta na zaune gefenta, kuma sun dawo gida lafiya.