Layi Tsakanin Gandu da Manomi

A shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙi fitar da kai, ina aiki a wani ɗan biro, wato ofis, a Zinder, mu biyu, muna rubuta wa wata ƙungiyar manoma manhajar raba iri. Abokiyar aikina ƴar birni ce, jikar dukawa, ta fi ni karatu ta kuma fi ni haƙuri. Kuran, wato wutar lantarki, yakan ɗauke tun da hantsi, sai mu bar kwamfuta mu koma allo muna zane cikin gumi.

A irin aikinmu kowane nau'in abu sai an zana masa akwati, muna ce masa klas. Ga na Gona, ga na Manomi, ga na Gandu, wato gonar gida da ƴaƴa ke nomawa tare a ƙarƙashin uba. Akwatunan ba su da wuya, layin da ke haɗa su ne ke cin rai. Akwai layin da ke cewa wannan ɓangaren wancan ne, in babban ya tafi ƙaramin ya bi shi. Akwai mai cewa suna tare ne kawai, kowa zai iya zama da kansa. Na farkon ana cike bakinsa da baƙi, na biyun a bar shi fari.

Tsakanin Gandu da Manomi na cike baƙi. Abokiyar aikina ta zo ta goge da yatsa.

"Malam, in gandu ya watse manhajarka za ta share mutanen duka. Wa za a ba iri?"

"Hajiya, ba ki san ƙauye ba. Gandu ba ya watsewa. Ko uba ya rasu, babban ɗa ne ke riƙewa."

Da zafi na faɗa, don ina da saurin hawa, kuma gandun Baba na garinmu Garagumsa nake gani a cikin akwatin nan. Haka muka yi ta yi, ina cikewa tana gogewa, har musun ya gundure mu muka bar wurin da dabbaren alli.

Ana cikin haka yayana ya sauka a ɗakina na unguwar Kara-Kara, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A gidanmu, in an gama girbi Baba yakan liƙe rumbun gandu da laka, ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka, don masu noma su sami abin ci. Kafin nan kowa ya ci abin da ya samu a ƴar gonarsa. A wannan shekarar ƴar gonar ba ta ba da komai ba, ƴaƴan Yaya sun koma cin ganye da dusa. Yaya ya ce shi da ƙannenmu sun gama magana, a buɗe rumbu a ba kowa nasa, kowa ya san inda zai nufa.

Na bi shi gida don in hana. A mota ina ta shirya maganar da zan yi, na gaji tun ban fara ba. Tsoro nake ji ƙwarai, in aka raba rumbun nan ban san abin da zan riƙa kira gida ba.

Mun tarar Baba ya riga ya fasa lakar. Yana zaune a kan turmi, ƙannena na fito da dammunan gero, ga su ƙanana kamar tsintsiya. Yana nunawa da sanda, wannan tarin na wane, wancan na wane. Matan gida na tsaye a bakin danga.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, kada ka raba. In suka ɗauka suka tafi, shi ke nan fa. Mu daure zuwa damina, mu ai abu ɗaya ne."

Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. Na bi tarin da ido, na ga na Yaya, na ga na ƙannena, har da ɗan tarin Baba da Inna. Nawa babu.

"Kai ai ka riga su fita," in ji shi. "Tun da ka tafi lakwal karatun boko ban ƙara sa bakinka a rumbun nan ba, kuma ga ka nan da ranka. Su ma Allah ba zai bar su ba."

Ya miƙa sandar wajen tarin Yaya ya ce in tashi in kama masa, amalanken na jira a waje.