Layin da Ban Karanta Musu Ba

Baba tsohon mai walda ne a matatar mai ta Rido, kuma bai taɓa yarda wani ya fi shi sanin jikinsa ba. Da ciwon gefen cikinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ce a yi masa hoton CT na hanta. Ni na raka shi daga Kamazou.

A ɗakin hoton aka ce sai an yi masa allurar wani ruwa da ke sa ƙari ya fito fili. Baba ya janye hannu, wai wani abokinsa ya ce ruwan yana kashe ƙoda. Mai ɗaukar hoton ta ce, "Baba, an gwada ƙodarka, lafiya lau take. In babu ruwan nan, ƙari yana iya sajewa da naman hanta."

Ya ce, "'Yata, ɗauki haka nan. Injin ai ba makaho ba ne."

Haka aka ɗauka.

Da sakamako ya fito, na tsaya a tsakar gida ina fassara wa Baba da Mama Turancin takardar. Na ce ba a ga ƙari ba. Ban rufe baki ba Mama ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka shigo. Idona kuwa ya riga ya kai layin ƙarshe: hoton bai wadatar ba tunda babu allura, a sake yi. Na ninke takardar.

Ranar Lahadi Mama ta ba da shaida a coci, zumuntar mata suka kewaye Baba da rawa, shi kuma yana ta yi wa likitoci tsiya. Wa zai tashi a nan ya ce a dakata? Na ce a raina bari a gama godiya. Daga nan na ce bari Kirsimeti ta wuce. Tsoro ne kawai, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Bayan wata huɗu muka koma asibiti, Baba ya rame, ba shi da ƙarfin gardama. Aka yi allurar, ƙarin ya fito kamar lemon tsami. Likita ya ce ya wuce a yanka, sai dai a rage masa zafi. Ya ɗauki tsohuwar takardar ya karanta har ƙasa.

"Wa ya karanta muku wannan?"

Mama ta dafa kafaɗata, ta ce, "Ɗanmu ne, likita. Shi ne mai ilimin gidan."