Baba Ya Ce Ya Warke

A Yamai aka yi wa Baba hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa, bayan ciwon kan da ya kayar da shi a gona. Aka zura masa wata siririyar roba ta jijiyar cinya, aka tura wani ruwa ciki don hanyoyin jini su fito a hoto. Likita ya nuna mana wani kumburi kamar ƙwayar wake a jikin jijiya guda, ya ce in ya fashe ba lallai a kai asibiti da rai ba. Ya ba mu randebu, mu dawo bayan sati uku a toshe shi.

Muna isa ƙauyenmu Urafane Baba ya shelanta wa gari cewa ya warke. Wai lokacin da ruwan ya shiga ya ji zafi ya bi kansa gaba ɗaya, to wankewar ke nan. Aka yanka akuya, mata suka yi ta zuwa barka da arziki, ni kuwa ina gefe riƙe da ambulan ɗin hoton kamar in fashe.

Ina koyarwa a lakwal a Tasawa, amma kowace Asabar sai na hau kabu-kabu na ci yashin hanyar nan don in yi masa bayani. Na ɗaga hoton a rana. Na zana masa a ƙasa da tsinke. Na kira limamin unguwa, shi kuma ya dubi Baba sama da ƙasa ya ce ai jiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ranar da ƙyar na iya mayar wa liman da sallama.

Saura kwana huɗu randebu na same shi a gona yana yankan hatsi, rana tsaka, kai ba ko malfa. Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

“Baba, dubawa aka yi, ba magani ba! Sau nawa zan faɗa?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ke ɗiyar ga, kin ɗauka ban ji Hausar likita ba? Na ji sarai. Ya ce ko a aikin toshewar ma wani bai tashi. In na tahi ban komo ba, wa ke kai hatsin ga rumbu? Uwakki da ƙahwa guda?”

Sati biyu da rabi ina yi masa kallon marar fahimta, ashe tsoro ne ya hana shi magana, ya bar ni ina ta zane a ƙasa. Haushi ya ƙara kama ni, har da na kaina. Na ƙwace wuƙar daga hannunsa, na ce ya koma inuwa ya zauna. Na buga wa ƙannena waya ɗaya bayan ɗaya, na ce hatsin nan za mu kai rumbu kafin randebu, duk wanda bai kwana Urafane yau ba kada ya sake kirana Yaya.

Rabona da yankan hatsi tun ina budurwa. Ina yi ina kuka, shi kuma daga inuwa yana faɗa wai ina barin ƙananan zangarniya a baya.