Lorraine Pettifer, Matar da Ta Ceci Taswirar Jirage Shida

Ƙarfe bakwai da rabi take sauka daga bas a bakin kogin Medway. Ta buɗe ɗakin takardu, ta ɗora ruwan shayi, ta wanke hannu tas, sannan ta warware taswira ɗaya a kan dogon tebur ta duƙufa. Haka Lorraine Pettifer ta shekara talatin da huɗu a ɗan gidan tarihinmu. Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

Taswirorin na zanen ginin wasu jiragen ruwa na yaƙi ne guda shida masu ƙira ɗaya, waɗanda aka gina zamanin Sarauniya Victoria don sintiri a tekuna masu nisa. Gangar jikinsu ƙarfe ce, an jera rumbunan kwal dama da hagu domin su tare harsashi kafin ya kai ga inji. Biyar an farfasa su tuntuni. Na shida ya nutse da mutum ɗari da ɗoriya. Takardun nan kaɗai suka rage.

Wata shekara sanyi ya fasa bututun ruwa, taswira ɗari biyu suka jiƙe sharkaf, suka manne da juna. Graham Tuppen, shugaban gidan, ya leƙo ya riƙe baki.

"Lorraine, wannan ai ya zama taɓo. Bari in kira masu shara."

"Kai dai je ka ji da shayinka," in ji ta. "Duk wanda ya taɓa min su, ni da shi."

Ta roƙi wani mai sayar da kifi ya ba ta gefe a ɗakin ƙanƙararsa. Can ta daskarar da su don kada su ruɓe, ta riƙa ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya tana ɓamɓarewa da ɗan siririn ƙarfe. Shekara shida ta yi a kai. Goma sha uku kawai suka salwanta, kuma har yau Graham yana tsokanarta cewa tarihin namu ƙarnin kifi yake.

Bayan haka ne wata tsohuwa, Edna Coppard, ta zo tana dogara sanda. Kakanta mai zuba wa inji kwal ne a jirgin da ya nutse.

"'Yata, mun tashi muna jin wai shi ya bar ƙofar rumbu a buɗe, ruwa ya shiga. Mahaifina har ya mutu bai yarda ya ambaci sunansa ba."

Mako uku Lorraine tana gwama taswira da taswira. Da tsohuwar ta dawo, ta ɗora mata yatsa a kan takardar.

"Mama, duba nan. Jirgin nan ba shi da wannan ƙofar sam. Sai bayan ya nutse aka huda wa sauran biyar ɗin."

Edna ta daɗe tana kallon wurin. Can ta ce, "Albert. Albert sunansa."

Lorraine, ke ce mai haƙurin da ba ya neman tafi. Ke kika wanke mutumin da ba ki taɓa gani ba, da takardar da aka so a zubar. Mun gode. Ku kuma masu shigowa aikin, kafin ku ce abu ya lalace, ku zauna ku duba shi da kyau, yadda ta yi. Wataƙila sunan kakan wani ne a ciki.