Gwaggo Kulu da Gindin Bangon Innata

Kafin in fara, ina neman afuwa. Abin da zan faɗa ya faru tun kafin a sami 'yancin kai, ni kuwa ban amince da ƙwaƙwalwata kamar da ba. Wani abin na gani da idona, wani a bakin matan gidanmu na ji, kuma mai yiwuwa na cakuɗa su. Amma tun da aka binne Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinmu, nake son in yi mata godiyar da ba ta taɓa bari na yi mata ba tana raye. Ita ce ta hana a farfasa aikin hannun mahaifiyata da ya rage mini.

Duk wanda ya san ta a Gwandu ya san ba ta gaisawa da mutum sai ta gaisa da ƙasan ɗakinsa. Tana yin sallama sai ta buga diddige, ta karkata kai tana saurare. "Wa ta yi muku wanga daɓe? Allah shi gafarta mata, ko tana da rai!" Sannan ta juyo ta ce ina kwana. Ita ce shugabar matan da ke daɓe a unguwarsu, masu zuba tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, su yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta yi sulɓi.

Tana kuma tara fasassun tangaran don adon ɗaki. In faranti ya faɗi a wani gida, ban san wa ke kai mata labari ba, sai dai a gan ta da ƙwarya. An ce wata rana ta tarar da wata amarya tana kuka a kan farantinta, ta zauna ta yi mata jaje sosai, tana yi tana tsince gutsattsarin. Da ta tashi sai ta dubi sauran jeren ta ce, "Wancan mai fure ma ya kusa. In ya faɗi, kada ki share, aiko mini."

Labarin garin Dodoru kuwa ban gani ba, amma mutane da dama sun ba ni shi iri ɗaya, ko kusan haka. An kai su Gwaggo daɓe, suka tarar da kaza tana kwanci a kusurwar ɗakin. Mai gida ya kai hannu zai ɗauke ta.

"Bar ta nan!" in ji Gwaggo. "Ta riga mu shiga."

"Haba Gwaggo, kaza ce fa!"

"To kai ka taɓa kwanci, da za ka san wuyarsa?"

Haka suka daɓe ɗakin suka kewaye kazar, ita tana harararsu, su suna waƙa.

Yanzu ga nawa. Na gama kwalejin horar da malamai na koma gida Kalgo, ana shirin aurena. Innata ta rasu ina makaranta, ban sami jana'izarta ba, kuma ɗakinta aka ba ni. A gindin bangon ɗakin ta yi wani ɗan tudu da ya kewaye ko'ina, tsayinsa bai fi tafin hannu ba, ta jera gutsattsarin tangaran a jikinsa, fari da shuɗi. Har wurin da yatsunta suka danna lakar ana gani.

Yayana Bello, wanda ya riƙe gidan bayan mahaifinmu, ya ce ƙanensa malami ba zai kai amarya kan daɓe ba, sai siminti. Alheri ya nufa, ina so a fahimci wannan. Ya ɗauko wani magini daga Birnin Kebbi, Ɗanjuma in ban manta ba. Maginin ya duba ya ce sai an sare tudun, don simintin ya kai ga bango, in ba haka ba ruwa zai riƙa shiga ta tsakani. Kuma ina jin gaskiyarsa ce. Yaya ya ce a sare. Ni dai na ce to, tunda shi ya ɗauki nauyin komai, amma ranar ko fura ban iya sha ba.

Ranar aikin da hantsi sai ga Gwaggo a kan jaki daga Gwandu, wai ta zo ganin kayan biki. Ta shiga ta tarar da Ɗanjuma ya durƙusa da guduma. Ta shimfiɗa tabarma daidai inda zai fara, ta jingina da bango, ta fito da goro.

"Inna, ɗan gusa mana," in ji shi.

"Ƙafata ka ciwo, ɗana. Fara can."

Ya koma can. Kafin ya ɗaga guduma, sai ga ta ta ja jiki da tabarmarta ta riga shi. Ya dawo, ta dawo. Wallahi ban taɓa ganin mai ciwon ƙafa da sauri irin wannan ba! Yaya Bello ya shigo yana huci.

"Gwaggo, don Allah mene ne haka?"

"Mi na yi? Zama na yi ɗakin matar wana. Ko shi ma sai an sare?"

Yaya ya ja da baya. Wa zai ɗaga gwaggonsa da ƙarfi a gaban baƙo? Ɗanjuma ya yi dariya ya ajiye guduma, ya ce shi ke nan, zai bi gefen tudun a hankali da cokalin gini, amma in ruwa ya shiga kada a neme shi.

Sai dai Gwaggo ba ta yarda da shi ba. Ta ce tana fita zai koma ga gudumarsa. Ta tare a kusurwa tana ba shi umarni a kan aikin da ba ta taɓa yi ba, shi kuma yana shafe siminti yana ja da baya zuwa ƙofa. Da aka kira azahar ta miƙe, sai ta ga ɗanyen siminti ya kewaye ta, ita kaɗai a kan tabarma kamar mai jiran jirgin fito.

"Kai Bello! Tsaye kake kana kallo? Zo ka hidda ni!"

Aka ɗora katako a kan duwatsu, Yaya ya bi ya goyo ta. Tana bayansa tana cewa, "A hankali, kada ka ɓata wa yaro aiki." Inda ta zauna ɗin, washegari ta daɓe shi da kanta, don haka ɗakin ya zama rabin zamani, kusurwa ɗaya ta Gwaggo. Ruwa kuwa ya riƙa shiga, kamar yadda Ɗanjuma ya faɗa. Kowace damina sai matata ta toshe.

Da za ta hau jakinta na matsa kusa, na fara haɗa kalmomin godiya. Ta katse ni.

"Godiyar mi? Tangaran ɗin nawa ne, aro na ba uwarka. In an farfasa, wa zai biya ni?"

Ta kawar da kai tana gyara lulluɓinta, ta daɗe tana gyarawa. Ba ta sake zancen aron ba har ta bar duniya, tudun kuma yana nan. 'Ya'yana ba su ga kakarsu ba, amma kowannensu ya sa yatsansa a gurbin nata.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Kulu, Ya yalwata mata kabarinta, Ya sada ta da Innata a gidan rahama. Amin.

Waɗanda suka shaida abin, musamman mutanen Kalgo da Dodoru, in na yi kuskure a suna ko a magana, don Allah a aiko mini in gyara. Yaya Bello ya riga ya aiko da nasa: wai ba goyo ya yi ba, hannu kawai ya riƙe mata. Ni dai goyo na gani.