Harsashin da Ya Ƙi Zama

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina zuwa kulob ɗin harbi, ranar da harsashi ya ƙi zama a bindigata tana nan daram a raina. Kulob ɗin yana bayan gari, nan ƙasa mai tsarki, a hanyar Jidda, kuma ni kaɗai ne Bahaushe cikin masu harbi. Tun rasuwar mahaifiyata gidanmu na unguwar Zahir ya koma Larabci zalla, ƙannena ko gaisuwa sai sun yi laluben kalma. Mutum ɗaya ya rage mini da nake sakin baki in yi Hausa da shi, wani tsohon soja mai kula da ɗakin makamai. Baba nake ce masa.

Shi ke tattara kwanson da aka harba ya sake ɗura su da hannu don atisaye, da izinin kulob. Yana da wata al'ada da samari ke yi wa dariya. Sai ya zare bututun ƙaramar bindiga ya riƙe a tsaye, ya riƙa jefa harsasai a ciki ɗaya-ɗaya, kunnensa a kusa kamar mai sauraron gulma. Wanda ya faɗa ya ce ƙwal, aka kife bututun ya zubo da kansa, ya wuce. Wanda ya yi gardama a ware shi. "Ya waladi," yakan ce mini, wato ɗana, "abin da bai shiga da lalama ba, kada ka sa shi da ƙarfi. Halas, shi ke nan."

Wata Alhamis na je da hantsi ban same shi ba. Kwalin harsasaina dai yana jirana, aka ce jiya ya haɗa ya ajiye mini. Zafi ya kori kowa, daga ni sai kukan fanka. Na ɗura bindiga na saki marfinta, sai ya tsaya, saura ƙiris ya rufe. Na cire harsashin na sa wani, haka dai. Na zargi datti, na goge bututun har yana ƙyalli. Na canza gidan harsashi, a banza. Da na karɓo harsashin kamfani na gwada, sumul ya shige. To bindiga dai ba ta da laifi.

Har na ɗaga tafin hannu zan doki marfin, sai maganar Baba ta faɗo mini. Na zauna a benci na zare bututun, na yi yadda yake yi. Wasu sun kumbura a gindi, wasu kansu ya yi tsawo, wani ma a karkace yake zaune. Da fari haushi ne ya kama ni, don na ɓata safiyata. Daga baya kuma sai jikina ya yi sanyi. Baba ba ya barin harsashi ko ɗaya ya bar ɗakinsa ba gwaji. In kwalin nan daga hannunsa ya fito, to wani abu ya sami hannun.

Na kira wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Shugaban kulob ya ce mini da Larabci ƙila gajiya ce, gobe zai zo. Na miƙa masa kwalin na ce kada kowa ya taɓa, na kama hanyar Misfala, unguwar su Baba.

Ɗakinsa yana saman wani masaukin alhazai. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Dammam, maƙwabtan da ya sani rusau ya watsa su. Matakala cike da baƙi masu harami, babu wanda ya san akwai wani tsoho a sama. Na yi sallama har muryata ta dushe, kafin mai gadi ya yarda muka ɓalle ƙofar.

Yana kwance a ƙasa gefen darduma, bakinsa ya karkace, hannun damansa ya saki. Idonsa biyu. Na durƙusa ina kiran motar asibiti, shi kuwa yana ta kokawa da harshensa. Na kai kunnena.

"Ka harba?"

"Ban harba ba, Baba."

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Jiya hannun ya mutu mini. Na ce da safe zan zo in gwada su."

Tun bayan asuba yake kwance a wurin shi kaɗai, kuma abin da ke cin ransa kada bindiga ta fashe a hannuna. Nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'izar mahaifiyata.

Ya rayu, amma bai koma aiki ba. Ɗansa ya tafi da shi, can kuma Allah ya karɓi abinsa. Har yau ina zuwa kulob, ina zare bututu in ji ƙwal ɗin nan ni kaɗai, ba mai ce mini sannu.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan aikin mutum mai tsantseni ya zo maka a karkace, kada ka tsaya kan aikin. Tashi ka je ka ƙwanƙwasa ƙofarsa.