Shirun Dona Neusa

Dona Neusa Kuwabara ta zo garin Oizumi na ƙasar Japan ne daga gonakin kofi na jihar Parana a Brazil, ita da mijinta Valdir da jaririyarsu Priscila. A masana'antar kayan mota muka haɗu, a teburi ɗaya muke tsayuwa daga safe har yamma muna duba ƙananan ƙarafa. Ni da ita duk 'yan Brazil ne, sai dai ita fuskarta ta Japanawa ce sak, domin kakanninta daga nan suka yi ƙaura zuwa can.

Fuskar nan ita ta zame mata kaya. Ni idan na shiga kanti na kwaɓa Japananci, sai a yi murmushi a ce na yi ƙoƙari. Ita kuwa da an kalle ta sai a sako mata magana ba birki, in ta yi shiru a ɗauka girman kai ne ko taɓin hankali.

Ba wai ba ta ji ba ne. Ta koyi yaren a bakin kakarta, irin na ƙauye, na zamanin da ya shuɗe. A watanta na farko shugaban sashenmu ya tambaye ta wani abu, ta amsa masa da irin maganar kakar. 'Yan matan Japanawa da ke gefenmu suka tuntsire da dariya, ɗaya har da riƙe ciki.

"Kai! Daga wane kabari kika tono wannan magana?" in ji ta.

Dona Neusa ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta. Tun daga ranar bakinta ya rufu. Sai "to" da "yi haƙuri", su ma a ciki-ciki.

Valdir kuwa ba ruwansa. Ƙaton mutum ne mai surutu, wanda ya fara koyon zagi kafin gaisuwa. Yakan tsokane ta a gabanmu.

"Ke dai buɗe baki, uwar gida! Wa zai cinye ki? Ni da nake rusa musu yare kullum ba ga ni da raina ba?"

"Kai fuskarka tana nema maka gafara," takan ce. "Ni tawa ƙarya take yi a kaina."

Haka aka yi ta tafiya. Valdir ne mai magana a ofishin gari, shi ne a makarantar yarinya, shi ne a asibiti. Priscila ta girma, ta yi aure, ta koma Nagoya.

Wata Lahadi da hantsi, lokacin zafi, Valdir yana ba tumatirinsa ruwa a baranda sai ya yanke jiki ya faɗi. Bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya saki. Dona Neusa ta ɗauki waya. Ta san lambar kiran motar asibiti, ta san sunan unguwarsu da lambar gidansu, ta san kalmar da ake cewa mutum ya faɗi. Amma da ta tuna wata murya za ta ɗauka ta jero mata tambayoyi, sai ta kasa danna lambar. Ta kira Priscila, ba a ɗauka ba. Ta fito da gudu ba takalmi zuwa gidana, ba na nan. A kantin nama ta same ni, tana haki, ta kasa haɗa zance ko da harshenmu. Ni na kira motar.

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Likita ya ce a irin wannan ciwo kowane jinkiri yana cin wani abu. Ban fassara mata ba. Ba ta buƙata, ta ji da kunnenta.

Bayan 'yan makonni na gan ta a zauren unguwa, inda wasu tsofaffi ke koya wa baƙi Japananci kyauta ranar Asabar. Ta zauna a cikin samari 'yan Vietnam da Nepal, ga furfura a kanta. Aka haɗa ta da Sekiguchi-san, wata tsohuwa mai kaushin hali. Ba ta yi mata dariya ba, ba ta kuma yabe ta ba. Ta miƙa mata waya kawai.

"Kira mai kifi ki tambaye shi ko yana buɗewa gobe."

Dona Neusa ta riƙe wayar gumi na ɗiga daga haɓarta. Ta ajiye, ta shiga banɗaki ta yi amai, ta dawo. Tsohuwar tana nan zaune, wayar na kan teburi. Sai a Asabar ta gaba ta iya kiran, mai kifin ma bai gane ta ba, sai da ta maimaita.

Ranar da za a yanke shawarar inda za a kai Valdir ina wurin. Likita ya juya yana bayani ga Priscila, kamar uwarta kujera ce. Sai muka ji muryar Dona Neusa.

"Likita, da ni za ka yi magana. Ni ce matarsa. Ka yi a hankali, zan gane."

Ya juyo, ya sunkuyar da kai, ya faro daga farko. Gida ta kai Valdir. Ita ke kiran masu jinya, ita ke musu da mai magani. Valdir yakan bi ta da ido daga gado, ba wanda ya san abin da yake tunani.

Da sanyin shekarar da ta biyo baya ya rasu. Abokan aikinsa Japanawa suka zo gaisuwa cikin baƙaƙen kaya, ta miƙe tsaye ta yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, da kuskurenta da komai, ba ta nemi kowa ya taya ta ba.

A hanyar gida na ce, "Dona Neusa, kin ji bakinki kuwa yau?"

"Na ji," ta ce. "Wa ya amfana?"

Yanzu tana aiki a gidan haɗa abincin da ake sayarwa a kwali, tana zaune ita kaɗai. Idan sababbin zuwa za su asibiti takan raka su, amma ba ta yin magana a madadinsu. Takan tsaya a bayansu ta tura su gaban teburin ma'aikata su yi magana da bakinsu, ko suna kuka. Da yawansu ba sa sake nemanta.